FAƊUWA DA GANGAN BA TA RAINON ƊAN WASA

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi tsakanin masu sha'awar wasanni a ƙasar Amurka, wadda in mutumin Kafanchan ya ji ta da fari zai ɗauka ba'a ce. Gardamar kuwa ita ce, kulob ɗin da ya ga ba shi da ƙarfin cin kofi bana, shin ya fi masa alheri ya saki jiki a yi ta cinye shi da gangan domin ya sami damar zaɓen gwanin yaro baɗi, ko kuwa ya dage da horon yaran da ke hannunsa har su ƙosa? A can ba a ɓoye ake wannan magana ba. Jaridu suna rubutu a kanta, masu kulob sun biya tara saboda ita, har an sha gyara dokokin wasa domin a toshe mata ƙofa.

Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, waɗanda ke cika gidajen kallon ƙwallo ran Asabar da Lahadi, suna iya cewa ina ruwan biri da gada. To, da ruwansa. Domin ita wannan cuta ta neman girbi ba tare da shuka ba ta daɗe da shiga ƙwallon ƙafar Nijeriya, sai dai kamanninta ne suka bambanta. Kuma waɗanda ta fi cuta su ne yaran da aka bari a gida, irin na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, waɗanda suke da ƙafa da ƙarfin jiki amma ba su da mai riƙe hannunsu.

YADDA ABIN YAKE A AMURKA

A manyan gasannin Amurka ba a sauke kulob zuwa rukunin ƙasa, kome lalacewarsa. Maimakon haka ma sai a saka masa. Kowace shekara akan jera samarin da suka gama wasa a jami'o'i, kulob-kulob su zaɓa bi da bi, kuma wanda ya zo kashin baya a gasar da ta wuce shi ke fara zaɓe. Masu shirya gasar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, watau NFL, su suka soma wannan tsari a 1936. Nufinsu mai kyau ne, watau kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi, marasa ƙarfi su mutu. Amma duk inda aka ce na baya shi zai fara ɗiba, ba a rasa mai jan ƙafa don ya zama na baya.

Abin sha'awa, ɗan Nijeriya ne sanadin wani gyara mai girma da aka yi wa wannan tsari a gasar ƙwallon kwando ta NBA. Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya koma ƙwallon kwando, shi ne yaron da kowa ke kwaɗayi a 1984. Kulob ɗin Houston Rockets ya yi ta shan kashi a ƙarshen gasar 1983/84 har mutane suka yi zargin da gangan ne. Aka jefa kwabo, Houston ta ci, ta ɗauki Olajuwon a zaɓen farko, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Daga 1985 sai hukumar gasar ta mai da abin ƙuri'a tsakanin kulob-kulob ɗin da ba su taɓuka ba, domin kada wani ya tabbata cewa faɗuwa za ta kai shi ga abin da yake so. A 2019 aka sake gyara, aka daidaita rabon kulob uku na can ƙasa, kowanne kashi 14 cikin 100.

Masu goyon bayan faɗuwa da gangan sukan kafa hujja da Houston, domin Olajuwon ya ciwo mata kofi a 1994 da 1995. Amma su kan manta da abu biyu. Na farko, sai da aka yi shekara goma ana gini a kansa kafin kofin ya zo. Na biyu, Houston Rockets ba ita ta koya masa wasa ba. Makarantarsa ta Ikko ce ta gano shi, Jami'ar Houston kuma ta horar da shi shekara da shekaru. Watau shi zaɓen nan na Amurka girbi ne kawai na abin da makarantu da jami'o'i suka shuka. In da babu su, da babu abin zaɓa.

Waɗanda suka fi kowa zurfafawa cikin wannan dabara su ne Philadelphia 76ers, a zamanin manajansu Sam Hinkie. Cikin shekara uku, daga 2013 zuwa 2016, wasa 47 kaɗai suka ci daga cikin 246, kuma a shekarar ƙarshe 10 suka ci, aka cinye su 72. Da wannan suka sami Joel Embiid ɗan Kamaru, wanda ya zama gwanin gwanayen gasar a 2023. Amma sauran manyan yaran da suka zaɓa, Jahlil Okafor da Ben Simmons da Markelle Fultz, duk sun watse ba tare da an ci moriyar da aka zata ba, kuma har ƙarshen gasar 2024/25 kulob ɗin bai kai ko wasan kusa da na ƙarshe ba. A gasar NFL kuwa, Cleveland Browns wasa ɗaya tak suka ci cikin 32 a 2016 da 2017, suka yi zaɓen farko sau biyu a jere, amma kofi bai biyo baya ba. Ita kanta hukumar NBA ta ci mai kulob ɗin Dallas Mavericks, Mark Cuban, tarar dala 600,000 a 2018 saboda ya faɗi a fili cewa faɗuwa ta fi musu amfani, sa'an nan a 2023 ta ci kulob ɗin tarar dala 750,000 saboda ya ajiye manyan 'yan wasansa a wani wasa mai muhimmanci.

Dalilin da ya sa dabarar ba ta cika biyan bukata ba a fili yake. Yaro ba ya koyon wasa a gidan da aka mai da shan kashi abin so. Yana bukatar manya a gefensa waɗanda za su nuna masa inda ake tsayawa, da mai koyarwa wanda ransa zai ɓaci in an yi sakaci, da 'yan kallo waɗanda ke jiran nasara. In aka kawar da waɗannan, ko da an kawo gwani, a lalataccen gida zai sauka.

A NAN GIDA SAYARWA CE

A Nijeriya babu wannan zaɓe, kuma wanda ya zo na baya sauke shi ake yi. Saboda haka kulob ɗin da ya faɗi da gangan a ƙasar nan ba wani yaro da zai samu. Abin da ke bayan irin wannan faɗuwa shi ne kuɗi, ko alfarma, ko ramuwar gayya ga wani kulob na uku.

Ba a manta da abin da ya faru a Bauci cikin watan Yuli na 2013 ba. Kulob biyu, Plateau United Feeders na Jos da Police Machine na Jihar Adamawa, suna kunnen doki a maki, kuma wanda ya fi yawan ƙwallaye shi zai hau rukuni na gaba. Aka buga wasanninsu na ƙarshe lokaci guda. Da aka tafi hutun rabin lokaci Feeders suna cin Akurba na Jihar Nasarawa 7 da nema, Police Machine kuma suna cin Bubayaro na Gombe 6 da nema. Da aka tashi, sakamako ya zama 79 da nema a wancan fili, 67 da nema a wannan. Watau ƙwallo 72 aka jefa a raga ɗaya cikin minti 45, wanda ya kama ƙwallo guda a ƙasa da kowace daƙiƙa 40. Ko ɗauko ƙwallo daga raga a kai tsakiyar fili ya isa ya cinye wannan lokaci. Duniya duka ta yi wa Nijeriya dariya. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, watau NFF, ta dakatar da kulob ɗin huɗu shekara goma, ta kuma hana 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada.

Wurin da ya fi ban takaici a wannan labari shi ne sunan kulob na farko. Feeders ƙungiyar raino ce, wadda aka kafa domin ta ciyar da babban kulob na Plateau United da sababbin 'yan wasa. Watau gandun da aka keɓe don tsiro, shi aka mai da kasuwa. Manyan da suka ƙulla abin sun riga sun ci zamaninsu, amma samarin da aka sa suka buga, waɗanda ƙwallon ce jarinsu, an rufe musu ƙofa tun ba su shiga ba.

Ba kuma a Bauci aka fara ganin sakamako mai ɗaure kai ba. A 2006 Akwa United ta ci Calabar Rovers 13 da nema a wasan da ya kai ta babban rukuni. A ranar ƙarshe ta gasar 2008/09, Zamfara United ta ci Kaduna United 9 da nema, ta tsira daga faɗuwa. Irin waɗannan ƙwallaye, waɗanda ba sa zuwa sai ranar ƙarshe kuma sai ga mai bukatarsu, su suka sa mutane da yawa suka daina zuwa filin wasa, suka koma kallon Ingila da Sifen a talabijin.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da doka ba ta hana ba, watau sayen gurbi. A 2024 Heartland na Owerri ya faɗi daga babban rukuni, sai ya karɓi gurbin Beyond Limits na Ikenne, wanda ya ci hawa amma ba shi da ikon shiga domin mai shi ɗaya ne da Remo Stars. Gasar 2024/25 na ƙarewa, Heartland ya sake faɗuwa. Kuɗi sun sayi kujera, amma ba su sayi ƙafar da za ta riƙe ta ba.

RAGE SHEKARU

Ɗan'uwan faɗuwa da gangan shi ne ci da ƙarya. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na yara sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma babu ƙasar da ta kai ta. Amma zargin rage shekaru bai taɓa barin wannan suna ya huta ba. A 1989 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, bayan ta ga ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa uku da suka je Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka ba ta a baya. Ta kuma ƙwace gasar matasa ta 1991 da aka shirya yi a ƙasar nan, ta kai Fotugal. Daga 2009 aka fara amfani da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce shekara 17. A 2016 yara 26 daga cikin waɗanda aka tara suka kasa tsallake wannan gwaji, ana gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da masu riƙe da kofin duniya.

Kowane ƙato mai shekara 23 da aka sa wa rigar ɗan shekara 16, gurbin wani yaro na gaskiya ya cinye. Yaron nan na gaskiya kuwa yana iya zama ɗan Manchok ko Gwantu, wanda aka kai gwaji aka ce ya yi ƙanƙanta, alhali kuwa shi kaɗai ne shekarunsa suka dace.

TSAKANIN KADUNA DA JOS

Jirgin ƙasa shi ya gina Kafanchan. Tun wajen 1927 da layin dogo daga Fatakwal da Inugu ya iso, ya rabu biyu zuwa Kaduna da Jos, garin ya zama matattarar ƙabilu daga ko'ina cikin ƙasar nan. Allah kuma Ya ajiye shi tsakanin garuruwa biyu da suka fi ko'ina a Arewa fitar da 'yan ƙwallo.

A Jos, Mighty Jets su suka ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. A can aka haifi Mikel Obi, wanda ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi da Plateau United kafin ya kai Chelsea. A can aka haifi Ahmed Musa da Moses Simon, waɗanda duk suka bi ta makarantar ƙwallo ta GBS. A Kaduna kuwa, Ranchers Bees sun kai wasan ƙarshe na kofin zakarun masu kofi na Afirka a 1988, suka ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, kuma a cikinsu ne Daniel Amokachi ya fito yana ɗan saurayi. Tawagar da ta ciwo zinariya a Olamfik na Atlanta a 1996 tana da haifaffun Kaduna biyar: Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, da wansa Emmanuel. A wasan ƙarshe da aka ci Ajantina 3 da 2, Celestine da Amokachi su suka jefa biyu daga cikin ukun. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka same shi ta hanyar faɗuwa ko sayen wasa. Filayen unguwa da makarantu da ƙananan kulob su suka yi su.

Amma duk kulob ɗin Jihar Kaduna da suka yi suna, Ranchers Bees, da Kaduna United wanda ya ci kofin ƙasa a 2010, da Kada City wanda ya buga babban rukuni a 2019, a cikin garin Kaduna suke. Kudancin jihar yana da ƙananan hukumomi takwas, Jema'a da Jaba da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Kagarko da Kauru da Sanga. Yaron da ya tashi a cikinsu, in yana son a gan shi, tilas ya bar gida ya nufi Jos ko Kaduna ko Abuja, ko ya biyo 'yan'uwansa zuwa Kudu. Wanda iyayensa ba su da kuɗin mota, nan ƙwallonsa ke tsufa.

Abin da aka fi gani a yankin shi ne gasar ƙarshen shekara, lokacin da 'yan ci-rani ke komawa gida bikin Kirsimeti da na Afan a Kagoro, ko lokacin Salla. Wani mai hali ko ɗan siyasa ya sa kofi da kuɗi, a yi mako biyu ana gumurzu. Saboda kuɗin da ke kan kofin, sai masu ƙungiya su ɗauko 'yan haya daga birni, yaran gari su zauna a benci suna tafi. A ɗaga kofi, a ɗauki hoto, kowa ya watse sai baɗi. Wannan ma gajeriyar hanya ce, kuma ba ta bar wa garin kome.

KUƊIN DA KE TAFIYA WANI WURI

Da yawa ba su san cewa dokar FIFA ta tanadi lada ga mai raino ba. Tun 2001 aka kafa cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin za a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko, daga 12 zuwa 15, suna kawo kashi 1 cikin 100 na dukan cinikin. Daga 16 zuwa 23, kowace shekara rabin kashi ɗaya ce. Misali, in ƙaramin kulob a Zonkwa ya riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17, daga baya wani kulob na Beljiyam ya sayar da shi Faransa a kan yuro miliyan 10, rabon kulob ɗin Zonkwa yuro 200,000 ne. In aka sake sayar da shi Ingila, za a sake biya. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris domin bin sawun waɗannan kuɗi.

Amma fa akwai sharaɗi. Sai kulob ɗin yana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma sai an rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa ta gaskiya a lokacin da yake wurin. Malamin da ya yi shekara shida yana saya wa yaro takalmi da kuɗin aljihunsa, in babu takarda, ko sisi ba zai gani ba.

Labarin Victor Moses ya isa misali. A Kaduna ya tashi yana buga ƙwallo a titi, har rikicin 2002 ya raba shi da iyayensa, aka kai shi Ingila yana ɗan shekara 11. Crystal Palace suka ɗauke shi, suka rubuta shi, suka horar da shi. Su suka sayar da shi ga Wigan a 2010, daga nan ya tafi Chelsea a 2012, ya ci kofin Afirka da Nijeriya a 2013, ya ci gasar Ingila a 2017. Ƙafar ta Kaduna ce, amma ladan raino na Landan ne, domin su suka yi aikin. Labarinsa kuma yana tuna wa kowa cewa zaman lafiya shi ne filin wasa na farko. Yankin da ya ga tashin hankalin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, ya fi kowa sanin darajar wurin da ɗan Musulmi da ɗan Kirista za su sa riga iri ɗaya, wannan ya ba wancan ƙwallo ya jefa a raga.

Mazauna Sabon Shagamu ba sa bukatar a kai su nesa don su ga amfanin haƙuri. Ikenne ƙaramin gari ne a Jihar Ogun, nan kusa da su. Kunle Soname ya gina fili da makarantar yara ta Beyond Limits a can, Remo Stars kuma ya sha hawa da sauka kafin ya zauna da gindinsa. A gasar 2024/25 wannan kulob ya zama zakaran Nijeriya karo na farko. Abin da Ikenne ta yi bai fi ƙarfin Kafanchan ba, in an sami masu niyya.

AKWAI FAƊUWA, AKWAI FAƊUWA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mai rainon yara ba ya shan kashi. Yana sha, har ma ya fi kowa sha a farko. A watan Agusta na 1995 Alex Ferguson ya cika Manchester United da samari irin su David Beckham da Paul Scholes da Nicky Butt da Gary Neville da ƙanensa Phil, Aston Villa ta ci su 3 da 1 a wasan farko, har wani mai sharhi a talabijin ya ce ba a cin kofi da yara. Ƙarshen wannan shekara su suka ɗauki gasar lig da kofin FA gaba ɗaya. Bambancin shi ne, waɗannan yara an tura su fili ne su ci, aka fi ƙarfinsu, suka koma suka gyara. Wanda aka tura ya faɗi kuwa, abin da ya koya shi ne ana iya sayar da riga.

Matsalar ita ce, a ƙasar nan yawancin manyan kulob na gwamnatocin jihohi ne, kuma mai koyarwa ya san in aka cinye shi sau uku a jere aikinsa ya tafi. Saboda haka ba zai yi kasadar sa ɗan shekara 17 ba, gara ya nemo tsohon hannu. Muddin da maki kaɗai ake auna mai koyarwa, yaro zai daɗe a benci.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne a mai da ƙwallo makarantu. Kowace ƙaramar hukuma cikin takwas ɗin nan tana iya shirya gasar firamare da ta sakandare a cikin zangon karatu, zakaru su haɗu a filin wasa na Kafanchan. Amfanin gasar makarantu shi ne rajistar aji ba ta ɓoye shekarun yaro, kuma shugaban makaranta ya san ɗalibinsa da ɗan haya.

Na biyu, iyaye su karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana jariri, su kuma ƙi yarda da duk wanda ya ce a rage masa shekaru. Na uku, kowane ƙaramin kulob ya yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, ya rubuta yaransa tun daga shekara 12. Na huɗu, Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan suna iya haɗa kai da hukumar ƙwallo, malaman wasanni su sami takardar shaidar koyarwa. Na biyar, hukumomin da ke biyan masu koyarwa su riƙa tambayarsu yara nawa suka fitar, ba kofi nawa suka ɗaga kaɗai ba.

Ga kuma rabon 'yan ci-rani. Kusan kowane gari na kudancin Kaduna yana da ƙungiyar 'ya'yansa a Ikko da Badun da Fatakwal, suna taro, suna tara kuɗi. Abin da ake zubawa a kan kofin mako biyu, in aka raba shi gida biyu, rabi ya isa ya biya rajistar kulob, ya sayi ƙwallaye, ya ba malami ɗan abin sabulu na wata goma sha biyu. Duk ƙungiyar da za ta sa kofi kuma ta kafa sharaɗi cewa sai ɗan gari mai katin makaranta zai buga. Har ila yau, su ne ya kamata su gargaɗi iyaye game da dillalan ƙarya masu karɓar kuɗin gona da sunan kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa don wasa kafin ya cika shekara 18, in ban da waɗansu 'yan dalilai ƙalilan. Wanda ya zo da alkawarin da ya saɓa wa wannan, a bincike shi da kyau.

Manomin citta na Kachia da Kwoi ya fi kowa fahimtar wannan magana. Kome tsadar kasuwa, ba ya sayar da dukan abin da ya tona, sai ya ware iri ya adana don baɗi. Da annoba ta faɗa wa citta a 2023 ta lalata gonaki, abin da ya fi addabar manoma a shekarar da ta biyo shi ne rashin iri, domin wanda ba shi da iri ko damina ta yi kyau sai dai ya yi kallo. Yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filayen makarantun Jema'a da Kaura da Sanga su ne irin. Babu wata hukuma da za ta zo ta ce wa Kafanchan tun da kin zo ta baya ga gwani ki ɗauka. Abin da yankin ya raina da hannunsa, shi kaɗai zai girba. Allah Ya sa masu iko da masu hali su gane.